Tsibin Kuɓewa Biyu a Kan Faifai

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce. A bayan ɗakina aka fara ta, kuma ni da aka yi da ni har yau ban gama gane kanta ba.

A Madadi aka haife ni, ƙasar Gwarzo, aure ne ya kawo ni Kabo. Ranar da za a kawo ni, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ja ni bayan rumbu ta danƙa mini wani ɗan ƙulli a tsumman saƙi. Ta ce irin kuɓewa ne, ita ma a hannun uwarta ta karɓa. Ta ce kada in raba shi da toka, don ƙwaro ba ya shiga inda toka take. Ta kuma ce kada in shuka shi kusa da wata kuɓewa, don ƙudan zuma maɗaurin aure ne. In ya tashi daga furen wata ya sauka a furen tamu, abin da za a haifa ba namu ba ne kuma.

Kuɓewar nan doguwa ce, tana wuce kan namiji a tsaye, kuma in ta girma karanta yakan rine ya yi ja. Ba ta da gaggawa. Sai kuɓewar gari ta yi 'ya'ya ta gaji, sannan ita take fara fure. Amma in aka yanka ta aka shanya aka daka, ɗan abin da yatsu uku suka ɗebo ya isa tukunya yauƙi.

Ni ban yi boko ba, na allo ma abin sallah kawai na samu. Amma ina da nawa rubutun. Kowane iri da tsummansa: saƙi na kuɓewa, jan ƙyalle na yakuwa, fari na alayyahu, wani mai ɗigo-ɗigo na kabewa. Kowanne an cuɗe shi da toka an ƙulle, an zuba a gora, gorar tana rataye a ƙusa saman gadona. Duk shekara in bazara ta yi nisa sai in sauke gorar, in ɗauko faifai, in kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, kowane tsibi yana zaune a kan tsummansa yana shan iska. Haka hannuna ya saba tun ina amarya.

Daminar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, ruwa ya kwanta a bayan ɗakina kwana da kwanaki, saiwar kuɓewa ta ruɓe. Irin da na tsira da shi bai cika tafin hannu ba. Ban damu sosai ba, don na san yayata tana Madadi, ita ma an ba ta nata ƙullin ranar aurenta. To da bazara ta kama sai aka aiko mini yayata ta rasu. Na je na yi kwana bakwai. Da mutane suka ragu na ja babbar 'yarta gefe, na tambaye ta gorar irin uwarta. Ta daɗe tana kallona kafin ta tuna. Ta ce ai tun da ciwon ƙafa ya kama tsohuwa ba a ƙara shuka komai a bayan ɗaki ba, kayan miya a kasuwa suke saye. Aka lalubo gorar a ƙarƙashin gado muka zazzage. Gari ne ya zubo, da gawar ƙwari.

Na hau mota ina tunani ɗaya: duk duniyar nan abin da ya rage na kuɓewar mahaifiyata shi ne wannan ɗan ƙullin da yake rataye a ɗakina.

Da autana nake zaune, shi da matarsa. Matar malamar firamare ce, 'yar cikin garin Gwarzo, yarinya mai ladabi da tsafta, Malama nake ce mata. Lokacin tana da tsohon ciki, na fari. Na dawo na tarar ta share mini ɗaki fes, ta kakkaɓe yana, ta wanke zannuwan gado. Na sa mata albarka. Sai na ɗaga kai, na ga ƙusa, ban ga gora ba.

Ta ce, "Inna, zo ki ga abin da na yi miki."

A bakin taga ta jera 'yan kwalaben magani da ta wanke. Ta tankaɗe tokar da rariya, ta zuba kowane iri a kwalbarsa, ta manna takarda ta yi rubutu. Ta ƙara mini da nata: wata gajerar kuɓewa da abokiyar aikinta ta ba ta, wai kwana arba'in take fara 'ya'ya, da irin fure kala biyu. Na tambayi tsummokarana. Ta ce ai sun yi dauɗa, ta jefa su murhu. Na ce har da saƙin? Ta ce har da shi.

Me zan ce? Yarinya da tsohon ciki ta wuni a durƙushe don ta faranta mini. Ta riƙa nuna kwalaben da yatsa tana karanta mini, ni kuma ina gyaɗa kai kamar wadda ta san inda baƙi ya sa gaba. Da ta zo kan furannin na tambaye ta miyar me ake yi da su. Ta yi dariya ta ce ba a ci, kallo ake yi. Na ce to in an gama kallon fa? Ta ce sai a sake kallo gobe. Na ɗauka wasa take yi mini.

Ba a jima ba iyayenta suka aiko aka tafi da ita goyon ciki, ta koma Gwarzo sai bayan ta haihu ta gama wanka.

Ni kuwa duk sa'ad da na shiga ɗaki sai idona ya faɗa kan kwalaben nan. Iri tsirara, ba toka. Gorar yayata ta riƙa dawo mini. Wata safiya da na ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, na ce yau kam sai na suturta su. Na tankaɗe toka, na yayyage wani tsohon zane, na ce zan bambanta su da yawan ƙulli. Na ɗauko faifai na zauna a inuwa. Na zazzage kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsibinsa, yadda hannuna ya saba, ina jefa kwalaben da babu komai a cikin kwando. Kaza ta nufo faifan, na tashi na kore ta har ƙofar gida. Na dawo na zauna, na miƙa hannu zan ɗauki kuɓewata.

Kuɓewa nan, kuɓewa nan. Tsibi biyu, girmansu ɗaya, kamarsu ɗaya.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Tsumma a ƙarƙashin irinsa yake zama. Rubutu kuwa a jikin kwalba ya tsaya, bai biyo irin ba.

Ba su kaɗai ba ne. Irin alayyahu ma, wannan baƙi mai sheƙi kamar kwalli, ya zama tsibi biyu. Ga kuma wani abu kamar karyayyen tsinken tsintsiya, na ɗauka ƙaiƙayi ne, saura kaɗan in hure shi.

Da autana ya dawo da azahar ya tarar da ni a wurin. Ya ɗauki kwalaben ya karanta, ya ce wannan an rubuta kuɓewar Inna, wannan an rubuta gajera. Na ce to madalla, yanzu karanta mini faifan. Ya tambaye ni wacce na fara zazzagewa. Na ce ta dama. Da na sake kallo na ce ko ta hagu. Faifan ma ban tabbata ban juya shi ba da na tashi korar kaza. Ya kira Malama a waya. Ta ce kamar tawa ta fi duhu kaɗan, ko kuma tata ce ta fi duhun, sai ta fashe da kuka. Na karɓi wayar na ce ta yi shiru, mai ciki ba ta kuka a kan kuɓewa.

Ina da wata ƙawa a Masanawa. Kakanninta makiyaya ne, amma ita a noma ta tashi, sai dai gidansu ba ya rabuwa da shanu da awaki. Na girme ta, Yaya take ce mini, sai dai bakinta bai san na girme ta ba. Ranar kasuwa ta biyo ta wajena, na nuna mata tsibin biyu, kowanne na ƙulle shi daban. Ta sansana, ta ciji ƙwaya ɗaya daga nan ɗaya daga can har na kama hannunta, ta jefa wasu a ruwa wai ta gado za ta fi nauyi. Duka suka nutse.

Ta ce, "Yaya, shekara hamsin kina kwana ɗaki ɗaya da abu, ki ce ba ki gane fuskarsa ba? Mu ko garke guda ne ya wuce, kowace saniya mun san uwarta."

Na ce, "Saniya tana kuka. Sa wannan ya yi kuka in ji."

Muka zauna muna juya maganar. In na shuka duka biyun a bayan ɗakina, ƙudan zuma zai ɗaura musu aure, in rasa tawa. In na shuka ɗaya na ajiye ɗaya, wataƙila baƙuwar na shuka, tawa kuma ta ƙara shekara a ƙulle, ga ta daman irin shekarar ruwa ce, ban san ƙarfinta ba. Ita ce ta ce a raba su gari. Ɗaya a nan Kabo, ɗaya a bayan gidanta. In sun girma za su faɗi sunansu da kansu.

Na daɗe ina kallon ƙullin biyu. Na buɗe, na kai su rana, na kawo su inuwa. A idona ɗaya ta fi duhu, na yi bismilla na riƙe ta, na miƙa mata ɗayar. Na ja mata kunne a kan awaki, ta ce dangarta sabuwa ce, ko ɓera sai ya yi sallama. Da za ta tashi ta ga abin nan mai kama da tsinken tsintsiya, ta ce in ba ta shi ma. In abinci ne su ci, in magani ne su sha, in kuma shara ce ƙasa ta saba.

Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu har wuyan hannu. Na jiƙa rabin irina ya kwana a ruwa. Da safe na ɗauki fartanya, sara ɗaya, ƙwaya uku, in rufe da diddige, in yi taku ɗaya in sake. Baƙin irin nan mai kama da na alayyahu kuwa ba a binne shi, in an binne sai ya shaƙe. Na cuɗa kowane tsibi da yashi, na watsa su a fili biyu, na bi da tsintsiya a hankali. Na aika wa ƙawata ita ma ta shuka rabi ta ajiye rabi.

Kuɓewa ta tsiro, kunne biyu-biyu. Sai ruwa ya ɗauke. Kwana goma sha wani abu, sama fes, rana kamar ta bazara. Na riƙa bin tsiron da buta, har ruwan alwalata a gindinsu nake yi. Wasu suka rayu, da yawa suka ƙone. Da ruwa ya dawo na cike guraben da sauran irin. Ƙawata ta aiko cewa nata duk ya mutu, ta zuba ragowar a ƙasa. Daga ranar babu ƙwaya ɗaya a tsumma, ko a Kabo ko a Masanawa. Duk abin da mahaifiyata ta danƙa mini yana cikin ƙasa, ban kuma san wace ƙasar ba.

Na sa wa raina ta bayan ɗakina ce tawa. Na zuba mata takin awaki, na cire mata ciyawa da hannu, na rage inda ta yi cunkoso. Kullum da safe ina duba karan ko ya fara ja. Wata rana in ga kamar ya fara, washegari in ga kore ne shar.

Alayyahun ma ya ƙara rikita ni. Fili ɗaya ya fito yadda na san shi. Ɗayan ganyensa ya fi siriri, na ce ko taki ne bai ishe shi ba. Na tsinka na yi miya da shi har sau biyu, autana ya ci, ya ce miyar yau daban take, ya ƙara. Sai ga shi ya fitar da wani kai ja wur, a murɗe, kamar zankon zakara. Na ɗauka cuta ce ta kama shi. Ina shirin tumɓukewa na tuna maganar Malama. Na tsaya na kalla. Na kalla, na kalla, ban ga abin da ya ƙaru da ni ba. Amma washegari na tsinci kaina a wurin ina sake kallo.

Cikin haka Malama ta haifi 'ya mace, muka je suna muka dawo.

Wata safiya na zaga bayan ɗaki, na ga fure a jikin kuɓewa. Tsayinta bai wuce gwiwata ba, ga fure ruwan ɗorawa ya buɗe, ga wani yana shirin buɗewa. Kuɓewar mahaifiyata ba ta taɓa fure a gwiwa ba. Ashe baƙuwar nake ta yi wa hidima. Tawa tana Masanawa, a gidan awaki.

Ko koko ban sha ba na sa autana ya ɗauke ni a babur. Muka isa, ƙawata ta shimfiɗa tabarma. Ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya mai jego, ya jaririya, ya ƙafa, ya mutanen Kabo. Ta dama fura. Ta sake tambayar mai jego. Jikina yana kan tabarma, raina yana bayan gida. Da na ga ta koma kan gaisuwar a karo na uku, kuma bakin nan nata bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, na san akwai magana.

Na ce, "Ina kuɓewata?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce kwana goma ke nan awaki suka fasa dangar, kunya ce ta hana ta aikowa. Ta ce ita ma addu'a take yi Allah ya sa gajerar ce aka ba ta.

Ta ce, "Yaya, akuya ba ta san kayan gado ba."

Muka zaga. An cinye layukan ƙarƙaf, sai guntayen kara a tsaye. Amma can a kusurwa akwai wani cunkoson ganye da furanni, wasu ruwan ɗorawa wasu ruwan goro, wari mai ƙarfi yana tashi daga cikinsu. Ta ce ai sharar nan ce da na ba ta, nan ta watsar da ita ranar shuka ta biyu. A tsakiyar furannin kuɓewa huɗu suna tsaye, sun kai ƙuguna, ba fure ko ɗaya a jikinsu. Na ratsa na kama karan ɗaya. Daga gindi ya fara rinewa ja.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ƙawata ta ce da idonta ta ga awakin, suna kai hanci wurin furen sai su yi atishawa su ja da baya. Autana ya ce a'a, ai ga reshen ƙaya nan da aka jingina a kusurwar, shi ya hana su. Suka yi ta musu a kaina. Ni ban san wa zan gode wa ba bayan Allah, furen da ba a ci, ko ƙayar da ba wanda ya tuna wa ya ajiye ta.

Ranar muka kewaye kusurwar da ƙaya har biyu. Daga nan duk mako ina Masanawa. Da damina ta doshi ƙarshe kuɓewar nan huɗu suka wuce kaina, suka fara fure. Sai na lura maƙwabcin ƙawata yana da tasa kuɓewar a bayan katanga, ta tsufa, amma da sauran fure ɗaya-ɗaya a samanta. Na ga ƙudan zuma ya tsallako. Na ɗauki mafici na zauna ina kora, ƙawata tana dariya har da riƙe ciki, wai ta ga mai gadin gona, ta ga mai gadin kasuwa, ba ta taɓa ganin mai gadin fure ba. Ɗaya ya harbe ni a yatsa. Amma ni wuni ɗaya nake yi a mako, su kuwa kullum suna nan.

Ko ɗaya ban bari an tsinka don miya ba. Duka suka ƙosa suka bushe a jikin uwarsu. Da na fasa, irin ya cika tafin hannuna biyu.

Da Malama ta dawo da goyonta ta durƙusa tana neman gafara. Na ce wa zai yafe wa wa? Ita ta ƙona tsumma, ni na zazzage kwalba, furenta kuma wataƙila shi ya tsare abin da ya rage. Da ta ji mun yi miya da ɗayan furen har sau biyu, ta yi dariya har jaririyar ta farka. Bayan kwana biyu ta kawo mini wani yankin saƙi da ta roƙo a wurin kakarta. Na cuɗe irin da toka na ƙulle a ciki. Ta ce in bari ta saka ƙullin a babbar kwalba ta rubuta. Na bari.

Da damina ta zagayo na shuka a bayan ɗakina, ita kaɗai. Ta yi tsayi, ta yi jinkiri, karanta ya yi ja. Sai dai a idona jan bai kai na da ba, 'ya'yan kuma kamar sun ɗan fi gajarta. Na yi miya na ɗanɗana. Wata rana in ji ita ce sak, wata rana in ji kamar da baƙo a ciki. Na tambayi autana, ya ce shi duk miyata ɗaya ce a bakinsa. Ƙawata ta ce ita ce mana, idona ne ya tsufa. Wadda za ta raba mini gardamar, yayata, tana kwance a kabarinta a Madadi. Ko ƙudan zuma ya yi aikinsa, ko harshena ne ya canza, Allah kaɗai ya sani.

Ƙawata tana nan da ranta, ta sayar da akuyar da ta fara fasa dangar, kuma duk shekara tana kewaye kayan miyarta da furen nan mai wari, tana gaya wa mutane ita ta gano shi. Autana har yau a kan ƙaya ya tsaya. Malama an mayar da ita wata makaranta kusa da gida, ta ƙara haihuwa biyu, tana shuka furanninta a bakin ƙofa, ta kuma daina taɓa abin da yake rataye a ƙusa sai ta tambaya. Yarinyar da aka haifa a daminar nan ta yi wayo, ta shiga makaranta. Na ƙulle mata nata a gefen saƙin, na ce a ba ta in lokacinta ya yi, a gaya mata maganar toka da ta ƙudan zuma. Na rasa ko in ce a gaya mata kuɓewar kakar kakarta ce, ko in ce a gaya mata wataƙila. Ni kuma ga ni nan, ƙafa ta fara nauyi, amma in ruwan shuka ya sauka ina fita da fartanyata.

Kunnuwan da na ara, ga abinku nan, na mayar.